Daga ƙasa zuwa ganye: yadda ake gyaran rubutu irin na mai lambu

Shekarar da na fara shuka karas, hannuna ya yi nauyi wajen zuba iri. Irin karas ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar kake ɗaukar ƙwaya ɗaya da yatsu biyu, don haka sai na watsa shi kamar yashi. Bayan mako biyu layin ya yi kore shar, tsiro a jikin tsiro. Wani dattijo da ya daɗe a harkar lambu ya leƙo ya ce, "Yaro, rage su. Ka bar faɗin yatsu uku tsakanin wannan da wancan." Na ce, "To, Baba." Amma ban rage ba. Duk wanda na kama zan tuge sai in ga lafiyarsa ƙalau, ganyensa a tsaye, bai yi mini laifin komai ba. Ranar da na tona, abin da na samu bai fi ɗan ƙaramin yatsa kauri ba. Wasu sun nannaɗe juna kamar igiya, wasu sun yi ƙafa biyu. Babu tsiron da ya mutu, babu kuma wanda ya zama karas.

Sai daga baya na lura haka nake yi wa rubutuna. Yawancinmu mun ɗauka gyara shi ne farautar kuskure: nan an manta aya, can an rubuta kalma ba daidai ba. Wannan yana ciki, amma shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi sauƙi. Wanda ke cin rai shi ne cire abin da ba shi da aibu don wani ya samu wurin girma. Aikin kuma yana da jeri, domin babu mai lambun da zai tsaya kakkaɓe ƙurar ganyen reshen da zai sare gobe. Ga jerin da nake bi, daga babba zuwa ƙarami, ko maƙala ce, ko rahoto, ko babin littafi, ko doguwar wasiƙa.

Kafin ka taɓa komai, yi abin da mai lambu ba shi da ikon yi: ajiye kwafi. Reshen da aka sare ya tafi ke nan, sakin layi kuwa yana iya dawowa. Adana daftarin farko da suna da kwanan wata, ka yi aikin a kan kwafinsa. Google Docs yana ajiye tarihin sauye-sauye da kansa, Microsoft Word kuma yana da Track Changes mai nuna abin da aka cire da abin da aka ƙara. Sannan ka buɗe fayil na biyu, ka sa masa suna "juji". Duk abin da ka cire, can zai tafi. Hannu ya fi saurin yanka in ya san ba zubarwa yake yi ba.

Mataki na farko: zagaye, hannu a baya

Mai lambun da ya san aikinsa, in ya shigo da safe ba fartanya yake fara ɗauka ba. Zagayawa yake yi, ya ga wane ne ya yi yaushi, ina ruwa ya kwanta, wane ganye ya soma rawaya, ina aka yi ɓarna da dare.

Kai ma haka, amma bar daftarin ya kwana tukuna. Gajeren rubutu kwana ɗaya ya ishe shi, dogo kuwa mako ɗaya ko biyu in lokaci ya ba da hali. A nan kwatancen ya ɗan karkace, gara in faɗa: lambu in ka bar shi girma yake yi, rubutu kuwa yadda ka bar shi haka za ka tarar da shi. Kai ne ke sauyawa. Ranar da ka gama rubutu, idonka abin da ke cikin kanka yake karantawa, duk inda ya ga gurbi sai ya cike da kansa. Bayan 'yan kwanaki wannan ya dusashe, ka soma ganin abin da baƙo zai gani.

Karanta shi daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kada ka gyara ko da waƙafi. In da hali, sauya masa kama: buga shi a takarda, ko ka karanta a waya in a kwamfuta ka rubuta. Riƙe biro, amma alama uku kawai za ka riƙa yi a gefe: inda ka gaji, inda ka ruɗe, da inda ka ji daɗi. Duk inda hankalinka ya tafi wani wuri, kai da ka rubuta abin, to mai karatu tun a can baya ya ajiye.

Mataki na biyu: me aka shuka a nan?

Rufe daftarin, ka rubuta abin da yake son faɗa cikin jimla ɗaya. "A kan tarbiyyar yara" batu ne kawai, bai isa ba. Abin da ake nema shi ne irin "yaro ya fi koyi da abin da ya ga ana yi a kan abin da aka ce masa ya yi." In jimlar ta ƙi fitowa, ko ta fito da "kuma" uku a cikinta, to shuka biyu ko uku ka zuba a rami ɗaya, kuma babu gyaran kalmar da zai raba su. Zaɓi ɗaya.

Daga nan ka bi sakin layi ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowanne lamba, ka rubuta aikin da yake yi cikin kalma biyar ko shida a wata takarda dabam. Rubutu mai sakin layi 20 zai ba ka layi 20. A kan wannan takarda za ka ga abin da ba ya ganuwa in kana tsakiyar ganye: na 4 da na 13 magana ɗaya suke yi, na 7 ka kasa cewa ga aikinsa, ainihin maganar kuma ba ta fito ba sai a na 9.

Akwai wata ƙa'ida a ilimin noma wadda Bajamushe Carl Sprengel ya bayyana a 1828, Justus von Liebig kuma ya yayata ta bayansa: sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa shi ke tsayar da girman shuka, komai yawan sauran. Akan kwatanta ta da gangar katako wadda allunanta ba tsayi ɗaya ba, ruwa ba zai taɓa wuce allo mafi gajarta ba. Ƙasar da fosfaras ya yi wa ƙaranci, ƙarin naitirojin ba zai fid da ita ba. Nemi gajeren allon rubutunka. Hujja ce? Tsari ne? Rashin misali? Ko harshen ne ya yi nauyi? Mu marubuta muna da halin ƙara wa dogon allo tsawo, saboda nan ne hannunmu ya faɗa. Mai iya sarrafa harshe sai ya zauna yana ƙawata jimla alhali hujjarsa ce ke yoyo. Mai tarin bayanai sai ya ƙaro wasu alhali tsari ne babu. Rubuta sunan gajeren allon a saman takardar, domin shi zai ci rabin lokacinka.

Mataki na uku: manyan rassa

Mai datse itace da matattun rassa yake farawa, sai masu cuta, sai masu gogar juna. A rubutu, mataccen reshe shi ne sashen da ka rubuta tun kafin ka gane inda ka dosa. Ya yi aikinsa na kai ka can, yanzu ba ya ɗauke da komai. Sau da yawa sakin layin farko ne ko na biyu, inda marubuci ke gyaran murya. Gwada fara karatu daga na uku ka gani ko an rasa wani abu. Masu gogar juna kuwa su ne wurare biyu masu maimaita magana ɗaya, ko masu saɓa wa juna ba ka sani ba.

Yadda ake yankan ma yana da nasa ilimin. Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa da ya yi aiki a hukumar gandun dajin Amurka, ya tsaga dubban itatuwa a tsaye don ya ga abin da ke faruwa a cikinsu bayan an yi musu rauni. Ya nuna cewa itace ba ya warkar da rauni yadda fatar mutum ke yi. Katange wurin yake yi, ya ci gaba da girma a kewayensa. A gindin kowane reshe akwai ɗan kumburi kamar wuyan riga, inda reshen ya haɗu da gangar jiki. In ka yanka daidai bayan kumburin, itacen zai rufe wurin. In ka aske har jiki, ka buɗe wa ruɓa ƙofa. In kuma ka bar dogon kututture, zai bushe ya ruɓe yana nan tsaye.

Duka kurakuran biyu na sha yin su a takarda. Kututture shi ne ragowar abin da aka cire: "kamar yadda muka ambata a sama" alhali babu shi a sama yanzu, "dalili na uku" alhali saura biyu, ko sunan mutumin da ya faɗo tsakiyar labari saboda wurin da aka gabatar da shi yana juji. Askewa har jiki kuwa ita ce ka cire sashe ka haɗa da jimla ɗayar da ke fassara wata kalma, ko wadda ke ɗaure abin da ya wuce da abin da ke tafe.

Reshe mai nauyi sau uku ake yanka shi, don kada ya faɗi ya ɗaye ɓawon itacen. Akan fara tsaga shi daga ƙasa, ɗan nesa da gangar jiki, sannan a yanke shi daga sama gaba kaɗan da wannan tsagar, sai a dawo a cire guntun da ya rage daidai bayan kumburi. Bi wannan a rubutu. Ɗauke sashen gaba ɗaya ka kai juji. Karanta sakin layin da ke gabansa da wanda ke bayansa a haɗe, da murya. Sannan ka gyara mahaɗar, ka nemi kututture ta hanyar bincika sunaye da kalmomin da suka fara fitowa a sashen da ka cire.

Masu kula da itatuwa sukan ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace mai rai a shekara guda, domin da ganyen yake ci. Rubutu ya fi itace juriya, wani daftarin rabinsa zai tafi kuma ya fi kyau. Abin da na ɗauka daga ƙa'idar shi ne kada a yi babban yanka cikin fushi. Akwai daren da na tsani wata maƙala tawa na yi ta sara, da safe na tarar da ƙasusuwa, babu ko muryata a ciki. Garin neman gira na rasa ido. Kwafin farko ne ya cece ni.

Mataki na huɗu: ragi

Mun dawo kan karas. Abin da ya saura yanzu duk mai rai ne, duk yana kan batu, amma ya yi cunkoso. Misali uku a kan magana ɗaya. Hujja biyar, biyu masu ƙarfi, uku masu rakiya. Rufewa biyu a ƙarshe, saboda ka rufe, ka ga bai ishe ka ba, ka sake rufewa. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba ka da abin cewa a kansa. A haɗe kuwa suna cinye wa juna haske. Mai karatun da aka ba misali uku ba ya riƙe ko ɗaya sosai, kuma raunanan hujjoji ukun nan su ne mai musu zai kama, ya yi kamar bai ga biyun ba.

Ga yadda nake zaɓa. In abu biyu suna aiki ɗaya, ina barin wanda ido zai iya gani. In duka ana ganinsu, ina barin wanda ba kowa zai kawo ba. In har yanzu sun yi kunnen doki, ina barin gajeren. Duba wannan:

"Ya shigo a gajiye, a galabaice, jikinsa duk ya mutu, ko ɗaga ƙafa ba ya iyawa sosai, ya zube a kan kujera."

Babu kuskure a jimlar. Amma an faɗi gajiya sau huɗu kafin a nuna ta sau ɗaya. Bar wadda ake gani, ka ba ta wuri:

"Ya shigo ya zube a kan kujera, takalmi a ƙafa."

Masu lambu tun tsiro yana ƙarami suke ragi, in ya kai tsawon santimita 5 ko kusa da haka, saboda in aka jinkirta saiwoyi sun sarƙe, cire ɗaya sai ya girgiza na kusa. Wasu ma ba sa tugewa, almakashi suke sawa su datse daidai ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa ragi ke zuwa kafin gyaran jimla. Jimlar da ka ɓata rabin sa'a kana gogewa ta yi saiwa a zuciyarka, ba za ka iya cire ta ba ko ta tsaya a hanya. Jimlar da ka fi so a duk rubutun ma, ka dube ta sau biyu. Wani lokaci ita ce ginshiƙi. Wani lokaci kuma ka gina sakin layi guda ne kawai don ta samu wurin zama.

Sai dai a yi hattara, ba kowane maimaici ne cunkoso ba. Hausa tana son nanatawa, tana son kalma ta zo da 'yar'uwarta, kuma akwai jimlar da in ka cire mata wannan sai kiɗanta ya mutu. Karanta da murya. Maimaicin da ke ƙara nauyi za ka ji shi yana hawa, na cunkoso kuwa a wuri ɗaya yake tattaki.

Mataki na biyar: dashe

Takardar nan mai lambobi ta riga ta nuna maka abin da ba ya wurinsa. Tumatir yana karɓar dashe sosai: in ya yi mako 4 zuwa 6 a wurin reno, a ba shi ruwa, a ɗauke shi da ƙasar gindinsa, a dasa da yamma, har ma a binne wani ɓangare na karansa, zai fitar da sababbin saiwoyi. Karas kuwa ba ya so. Saiwarsa ɗaya ce mai nutsawa, in aka taɓa ta sai ta karkace ko ta rabu.

Sakin layi ma iri biyu ne. Misali, ko gajeren labari, ko bayanin wata kalma, tumatir ne, kai shi duk inda ake buƙata. Matakin hujja da ya dogara da wanda ya gabace shi karas ne, in za ka matsar da shi sai dai ka matsar da jerin duka, ko ka sake rubuta shi daga tushe a sabon wurin. Duk abin da ka dasa, duba kalmominsa na farko. "Wannan", "shi", "haka nan", "saboda haka", duk suna nuni ne ga tsohon maƙwabci wanda yanzu ba ya kusa.

Mataki na shida: noma

Sai yanzu aka zo kan jimla da kalma. Ciyawar rubutu ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da yadda ake fama da ita.

Akwai ta sama-sama, wadda fartanya ɗaya ke ɗaukewa. Ga misali:

"Kamar yadda kowa ya sani, a wannan zamani da muke ciki, babu ko shakka cewa barci yana da matuƙar muhimmanci ƙwarai da gaske ga lafiyar ɗan Adam, musamman ma dai ɗalibai, domin kuwa idan aka duba za a ga cewa rashin samun isasshen barci yana iya jawo matsaloli daban-daban."

Kalma 49 ke nan, kuma sai a ta 16 aka ambaci barci. In kowa ya sani, me ya sa ake faɗa? In ba a wannan zamani ba, a wanne muke? "Matuƙar" da "ƙwarai da gaske" aiki ɗaya suke yi. Nome su duka, ga abin da zai rage: "Rashin barci yana jawo wa ɗalibai matsaloli." Kalma 7. Za mu dawo kanta, domin noman ya tona wani asiri.

Akwai kuma irin jiji. Ka sare ganyensa yau, bayan 'yan kwanaki ya dawo, saboda 'ya'yansa suna ƙarƙashin ƙasa a jere, ɗaya ɗaure da ɗaya. Wannan ita ce ɗabi'ar bakinka. Kowane marubuci yana da kalmomin da ke fito masa ba da saninsa ba. Nawa su ne "lallai", "a gaskiya" da "wato". Na wani "duk da haka" ne, na wani kuma fara kowace jimla da "sai". Rubuta naka a takarda ka manna kusa da inda kake aiki, ka sa kwamfuta ta nemo maka su ɗaya bayan ɗaya a kowane daftari. Ba za su ƙare ba. Noman fari ba ya isa, sai an yi maimai.

Ta ukun ita ce mai haɗari, irin wuta-wuta. Ciyawar gona ce ba ta lambu ba, amma babu abin da ya fi ta dacewa da wannan. Tana maƙale wa saiwar dawa ko masara ko gero a ƙarƙashin ƙasa, tana tsotsa tun kafin ta fito, in ta fito kuma furenta kyakkyawa ne. Tsiro ɗaya yana zubar da iri dubun-dubata, irin kuma yana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 yana jira. A rubutu ita ce ƙawa mai shan jinin magana: karin maganar da aka cusa don a ce an iya, babbar kalmar da aka ɗauko alhali ƙarama na nan, kwatancen da ya fi abin da ake kwatantawa ɗaukar hankali. Tambayar da za ka yi mata ɗaya ce: in na cire ki, maganar ta ragu ko ta ƙara fitowa?

Mataki na bakwai: taki da ruwa

Koma ga jimlar nan mai kalma 7. Da ciyawa ta tafi sai aka ga fili ne fayau. Waɗanne matsaloli? Wane ɗalibi? Ashe tarin kalmomin can rufe rashin abin faɗa suke yi. A nan ake ƙari, kuma abin da ake ƙarawa shi ne abin da za a iya gani, ko ƙirgawa, ko tabbatarwa:

"Ɗalibin da ya kwana yana karatu yakan shiga ɗakin jarrabawa ya karanta tambaya ɗaya sau uku bai fahimce ta ba."

Kalma 20, ƙasa da rabin ta farko, kuma yanzu akwai mutum a ciki. Koma ga alamomin da ka yi a zagayen farko. Inda ka ruɗe, yawanci an tsallake mataki ne, saka shi. Inda ka ji daɗi, duba ko ka wuce da sauri, wataƙila nan ne ya kamata ka zauna.

Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, sai ya ruɓe tukuna. Haka bayanin da aka kwaso aka zuba yadda yake: doguwar maganar wani da aka ɗora ba sharhi, ko lambobi biyar a jere ba a ce ga abin da suke nufi ba. Juya su da bakinka, ka bar lamba ɗaya ko biyu, ka gaya wa mai karatu me ya sa ta dame ka.

Ruwa kuma shi ne bayani, kuma ga abin da ya daɗe yana ba ni mamaki. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma yaushi take yi, kamar mai jin ƙishi, saboda saiwa tana buƙatar iska kuma ruwan ya toshe ta. Sabon mai lambu in ya ga yaushi sai ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Marubuci ma in aka ce masa "ban gane nan ba" sai ya ƙara jimla uku, alhali wataƙila jimlolin da ke wurin ne suka yi yawa har maganar ta nutse. Mai lambu yatsa yake cusawa a ƙasa kafin ya ɗauki bokiti. Kai kuma ka gwada rage wurin zuwa jimla ɗaya tukuna. In ya fito, ruwa ne ya yi yawa. In har yanzu da duhu, sannan ka ƙara.

Mataki na takwas: juya ganye

Ƙwari a bayan ganye suke ɓuya, mai tsayawa daga nesa ba ya ganinsu. Wannan zagayen na ƙa'idojin rubutu ne kawai, kada ka sake taɓa ma'ana. Karanta daga jimlar ƙarshe kana komawa ta farko, don kada labarin ya ja ka. Duba baƙaƙe masu ƙugiya: kafa da ƙafa, baki da baƙi, kura da ƙura. Duba rabawa da haɗawa. Wanda ya rubuta "ya bata littafi" ya bar mai karatu a tsaye, bai san ko "ya ba ta littafi" ake nufi ko "ya ɓata littafi" ba. "Akan" na sabo dabam yake da "a kan" na wuri: akan zauna a kan kujera. Kada ka dogara da na'ura, kalmar da aka rubuta daidai amma ba ita ake nufi ba wucewa za ta yi. Sunaye, shekaru da lambobi kuma ka yi musu zagaye nasu na dabam, kana gwada kowanne da inda ka samo shi. Kanun rubutun ma ka karanta shi baƙi-baƙi, nan ne ido ya fi tsallakewa.

Bayan wannan ka ba wani ya karanta. Laifi tudu ne. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Ce masa ya rufe takardar ya gaya maka abin da ya fahimta, ka gwada da jimla ɗayar nan da ka rubuta a mataki na biyu. Tambaye shi kuma ina ya so ya daina. In ya nuna maka inda ke ciwo, yarda da shi. In ya ba ka magani, ka yi tunani tukuna, domin sau da yawa ganyen da ya yi rawaya a sama ne, cutar kuwa tana gindi.

Tsinka

Kuɓewa in ta yi fure, cikin kwana 4 zuwa 6 ɗan ya isa tsinka. Ƙara masa 'yan kwanaki sai ya yi tauri, wuƙa ma da ƙyar. In kuma aka bar 'ya'yan suka tsufa a jiki, uwar takan rage fure. Rubutun da aka riƙe ana ta shafawa haka yake yi, ya sandare, ya kuma hana na bayansa fitowa. Alamar isa ita ce gyaranka ya koma musanya: ka cire "amma" ka sa "sai dai", gobe ka mayar. In kana shakka, miƙa wa wani kwafi biyu na ƙarshe ba tare da ka ce ga sabon ba. In ya kasa cewa ga wanda ya fi, tura shi.

Fayil ɗin juji kuwa kada ka goge shi. Duk mai tara taki ya san yadda tumatir kan tsiro da kansa a kan tarin, daga irin da aka zubar ba da niyya ba. Ni nakan buɗe nawa in na rasa abin rubutawa. Labarin karas ɗin nan na farko daga can na ɗauko shi. Na cire shi ne daga wata maƙala a kan haƙuri, inda ya zama misali na uku, ya kwanta kusan shekara biyu ban waiwaye shi ba.